Naira 50 a kan dannawa ko naira 2,000 a kan ciniki: ina kuɗin yake maƙalewa?

[Hoto: allon waya, an zagaye wani adadin kuɗi da jan layi]

Irin wannan hoton ya cika guruf-guruf na masu shafukan intanet. Mutum zai ɗauko allon lissafinsa, ya zagaye maƙudan kuɗi, ya ce shi fa ya bar tallan da ake biya a kan dannawa, ya koma na ciniki, kakarsa ta yanke saƙa. To ku ƙura wa hoton ido. Ga wata 'yar kalma can a gefe da bai zagaye ba, ma'anarta "ana jiran tabbaci". A kanta za mu daɗe yau. Sauran kuwa da gudu za mu wuce.

[Hoto: bakin shago a kasuwa, yaro yana kiran masu wucewa]

Tsarin farko shi ne wanda ake rubutawa CPC, wato biya a kan kowace dannawa. Kai ne yaron nan mai kiran kasuwa. Duk wanda ka jawo ya taka dokin ƙofa, an ba ka 'yan canji, ya saya ko ya yi kallo ya fice, babu ruwanka. Asarar ta mai shago ce. Kamfanin GoTo.com na Amurka ne ya fito da sunan wannan tsari a 1998, sannan Google ya buɗe tsarin tallansa mai suna AdSense ga masu shafuka a 2003.

[Hoto: kara ranar kasuwa, dillali riƙe da igiyar sa]

Na biyu shi ne CPA, wato biya sai wanda ka turo ya yi ciniki ko wani aiki da aka ƙayyade. A nan kai dillali ne. Ka yini cikin rana, ka kawo mutum goma su duba san nan, su taɓa tozo, su buɗe baki su ƙirga haƙora. In ba a ce "na sallama" an ƙirga kuɗi ba, ba ka da la'ada ko ta sisi. Wahalar taka ce, asarar ma taka ce, shi ya sa la'adar take da kauri. Amazon na tafiyar da irin wannan dillanci tun 1996, kuma shagunan intanet na gida irin su Jumia da Konga ma sun yi nasu.

Wani gyara a gurguje. Tun farkon 2024, AdSense ya koma biyan masu shafi a kan yawan nuna talla, ba a kan dannawa ba. Mai talla na iya biyan Google a kan dannawa, amma kai lissafinka a kan nunawa dubu yake tafiya. Saboda haka masu guruf ɗin "danna min in danna maka", sannunku da aiki. Abin da kuke nema ba ya nan, rufe asusun da kuke tsoro kuwa yana nan daram. Akwai dai wasu kamfanonin talla da har yanzu dannawa suke biya, da su za mu yi kwatance.

[Hoto: yatsa ya danna linki, shafin shago ya buɗe]

To, ga inda ake ɓata. Mutane sun ɗauka da zarar mai karatu ya bi linkinka ya sayi kaya, shi ke nan, kuɗi ya shiga aljihu. Tsakanin wannan dannawar da kuɗin, akwai tafiya mai nisa, kuma shagon bai san fuskarka ba.

Ta yaya zai gane kai ka turo mutumin? Linkin da aka ba ka yana ɗauke da lambarka a wutsiyarsa. Ga ta nan, bayan alamar tambaya. Da an danna, shagon zai ajiye wani ɗan ƙaramin rubutu a cikin burauzar mai saye, ana kiransa kuki. Ɗauke shi a matsayin shaidar da ake shafa wa dabba da fenti a kasuwa, don a san ta hannun wane dillali ta shigo. Ranar da mutumin ya biya kuɗi, shagon zai leƙa ya ga ko fentin yana nan. Yana nan, la'ada taka ce. Ya goge, ciniki ya faɗa, shago ya ci riba, kai ko labari ba za ka ji ba.

Kuma fentin nan ba ya daɗewa. Na Amazon awa 24 ne kacal. In mutum ya jefa kayan cikin kwandon saye a cikin awannin nan, ana ɗaga masa ƙafa har kusan kwana 90 a kan wannan kayan. In bai jefa ba, gobe war haka an manta da kai. Wasu kamfanonin suna ba da kwana 7, wasu 30. Yanzu ku tuna yadda mutanenmu suke sayen abu mai tsada. Ya gani yau, zai tambayi abokinsa, zai yi shawara da uwargida, zai jira albashi. Kafin wata ya mutu, fenti ya wanke tas.

[Hoto: waya a hannun hagu, kwamfuta a kan tebur, kibiya tsakaninsu ta tsinke]

Ko lokacin bai ƙare ba, kukin yana zaune ne a burauza ɗaya, a na'ura ɗaya. Mutum ya karanta bayaninka a waya, ya je ofis ya saya a kwamfuta: babu kai. Ya danna daga cikin manhajar Facebook, wadda ke buɗe shafuka a 'yar burauzarta ta ciki, daga baya ya buɗe Chrome ya rubuta sunan shagon da hannunsa: babu kai. Ya tura wa ƙaninsa hoton kayan ya ce "saya min wannan": babu kai, har da ƙanin ma bai san da zamanka ba. Ga kuma su burauzar da kansu. Firefox tun 2019, Safari na wayoyin iPhone tun 2020, suna toshe kukis ɗin bibiya na wasu kamfanoni ba tare da an ce su yi ba. Shi ya sa kafin ka shiga kowane tsari, ka tambaya ko suna da wata hanyar tantancewa ban da kuki, misali lambar ragi mai sunanka da mai saye zai rubuta da hannunsa. A ganina wannan lambar ta fi ƙarin kashi biyu cikin ɗari na la'ada daraja, don ita tana bin mutum duk na'urar da ya koma.

Sai kuma ƙa'idar da ta fi ciwo: yawancin tsare-tsaren nan, wanda aka danna linkinsa a ƙarshe shi ke kwashe la'ada. Kai ka yi kwana uku kana rubuta bambancin batirin sola iri biyu, ka gamsar da mutum. Ya zo biya, ya ga akwatin lambar ragi, ya fita nema, ya faɗa wani shafi da ba shi da komai sai tarin lambobin da rabinsu sun mutu. Ya danna. Fentin wancan ya hau kan naka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

[Hoto: ɗan aike a kan babur, kwali ɗaure a baya, yana ta buga waya]

A ce duk ka tsallake. Lambarka ta fito, kuɗi ya bayyana a allo. Nan ne 'yar kalmar nan ta farko take zaune. Kamfani ba ya sakin la'ada sai lokacin mayar da kaya ya wuce. A inda ake odar kaya a biya sai sun iso, wannan babban rami ne: ɗan aike ya zo, waya a kashe, ko mai oda ya ce ai gwadawa ya yi. An soke oda, an soke la'ada. Amazon ma sai bayan kimanin kwana 60 da ƙarewar watan yake biya. AdSense kuwa tsakanin 21 da 26 ga wata mai bi yake turawa, in ka kai dala 100. Mai kuɗin haya a wuya ya san bambancin.

In aikin da ake biya ba ciniki ba ne, karanta ma'anarsa kalma-kalma. "Rajista" a wurin wani kamfanin cike fom ne kawai. A wurin wani, sai an tantance mutum da katin shaida, ya kuma zuba kuɗin farko. Wasu tayin ba sa ƙirga kowa sai wanda ke zaune a Amurka ko Ingila, to masu karatunka na Kano da Damagaram ko dubu nawa ne, sifili ne.

[Hoto: farin allo, ana rubuta lissafi da hannu]

Mu yi lissafi, alƙaluman na misali ne. Mu ƙaddara shafinka ya samu baƙi 10,000 a wata, mutum 100 suka danna. A tsarin dannawa, naira 50 kowanne, ka tashi da 5,000.

A tsarin dillanci, kaya na naira 40,000, la'ada kashi 5 cikin ɗari, wato 2,000. Cikin mutum 100 nan, huɗu suka saya. Ɗaya ya sauya waya, shaidarsa ta ɓace. Ɗaya ya ƙi karɓar kaya. Saura biyu, naira 4,000. Raba da 100: naira 40 a kan kowace dannawa. Dubu biyun nan mai ƙyalli ta dawo ƙasa da hamsin.

Yanzu sauya shafin. Ba na labaran siyasa ko ƙwallo ba, wanda mutum ya shigo don ya karanta ya wuce. Shafi ne da aka iso shi ta hanyar tambayar wace inbata ce za ta ɗauki firji da fanka uku. Wannan baƙon kuɗinsa na hannu. Goma suka saya, bakwai suka tabbata, 14,000, wato naira 140 a kan dannawa. Linki iri ɗaya, la'ada iri ɗaya, niyyar mai shigowa ce ta bambanta. Adadin da za ka riƙa kwatantawa ke nan: kuɗin da ya tabbata, ba wanda ake jira ba, a raba da yawan dannawa.

[Hoto: shafuka suna wucewa da sauri]

Sauran a taƙaice. Shafin labarai da nishaɗi, bar shi da tallan nunawa ko dannawa. Shafin kwatanta kaya da koyar da aiki, sa masa linkin dillanci, ka kuma rage tallan da ke gefensa, kada ka sayar da mai sayen inbata a kan naira 50. Faɗa wa masu karatu a fili cewa kana samun la'ada, Amazon ma sharaɗi ya sa a kan haka. Kada ka sayi kaya ta linkinka, ana kora. Tayin da suka fi tsoka sau da yawa na caca ne da na manhajojin bashi da ruwa. Ban da maganar halal da haram da kowa ya sani, mai karatun da ya ga wannan a shafinka ba lalle ya dawo ba.

[Hoto: akwatin ƙirƙirar linki, ana cike wani ƙaramin gurbi]

Wannan gurbin da kowa ke tsallakewa, na laƙabin linki ne. Ba kowane linki laƙabinsa: na saman shafin inbata daban, na ƙasansa daban, wanda ka sa a Facebook daban. Bar su su yi aƙalla wata biyu, don sai lokacin layin jiran tabbaci zai fara washewa. Sannan ka buɗe rahoto, ka tace shi ya nuna waɗanda aka amince da su kaɗai, ka ɗauko kalkuleta.