Wurin da ake ware wa kanel tun kafin ya faɗi: laccar da aka yi a Damagaram

Salamu alaikum, ƴan'uwa ɗalibai, na baya kuna ji na? To madalla.

Yau kan abu guda zan tsaya. Kun san kanel, wanda malamanku na faransanci suke ce ma noyo, shi ne zuciyar Linux, shi ke raba memuwa, shi ke magana da dis da katin rezo. To ranar da shi kanshi ya rikice, abin da ake ce ma panik, wa zai ba da labarin abin da ya faru? Duk shaidar tana cikin RAM, wato memuwar da mashin ke aiki da ita in yana kunne, kuma da ka sake tada mashin ta tafi ke nan.

Wannan abu ya taɓa cina wallahi. Wata sabar da nake kula da ita a wani biro nan cikin gari, duk bayan kwana biyu uku sai ta daskare, mu kashe mu kunna, mu buɗe log, wato inda mashin ke rubuta abin da ya faru, ba komai, haka muka yi ta canza kaya masu lafiya da kuɗin mutane don ba mu da shaida.

Maganin sunansa kdump, ya shigo Linux a 2005 tare da kexec, hanyar da kanel ke tada wani kanel. Dabarar ita ce a ajiye wani ƙaramin kanel na biyu yana jira cikin memuwa, in na farko ya faɗi sai kexec ya miƙa ma na biyun mashin kai tsaye ba tare da an koma ta BIOS, wato abin da ke fara tada mashin in an kunna shi, ba, saboda haka RAM na nan yadda take, na biyun ya ganta a fayil ɗin /proc/vmcore ya kwafe zuwa /var/crash.

Amma a ina na biyun zai zauna? Nan ne zancen. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kanel da ya rikice ba ka yarda da lissafinsa, ba za ka ce masa samo min wuri ba, kuma katin rezo da dis suna iya ci gaba da rubutu cikin memuwa ta DMA, wato kai tsaye da kansu, ko bayan faɗuwar, in na biyun ya sauka inda suke rubutu za su tattake shi. Shi ya sa tun wajen tashi ake yanke yanki guda a haɗe, a GRUB, wato abin da ke loda kanel wajen tashi, ka rubuta crashkernel=256M, wato mega 256, na farkon ba zai ƙara taɓa wurin ba. Kamar irin da manomi ke warewa tun kaka ne, ko hatsin rumbu ya ƙare ba a dakawa.

Na'am ƙanena? Yana cewa mashin ɗinsa jiga 4 na memuwa gare shi, ba asara ba ce? Eh ana ji, mega 256 sun fita hannunka. A kwamfutar karatu kana iya bari. Amma sabar da ke riƙe da albashin mutane ko takardun marasa lafiya, ni ban yarda a bar ta haka ba. Masu Red Hat Enterprise Linux 9, wani nau'in Linux, ma awo suka yi bisa yawan memuwar mashin: daga jiga 1 zuwa 4 a ware 192M, daga 4 zuwa 64 a ware 256M, sama da haka 512M. In ka yi rowa ka ware kaɗan, na biyun memuwa za ta ƙare masa tsakiyar aiki ka tashi ba vmcore ɗin.

Wani abu kuma, mu nan da kuran ke yawan ɗaukewa: in wuta ce ta tafi kdump ba ya da abin yi, RAM ta goge, wannan aikin ondilar ne.

Kuma don Allah ku gwada tun ana lafiya. Ku duba /sys/kernel/kexec_crash_loaded, in kun ga 1 to an loda. Sannan a mashin na gwaji, ba na aiki ba, ku buga echo c > /proc/sysrq-trigger, zai faɗi da gangan, ku jira ya tashi ku leƙa /var/crash. Bayan la'asar wanda ya zo da mashin ɗinsa ya matso gaba mu yi tare.