Takobin Joshuwa da Kuncin da Aka Ce a Juya

Jama'a, barkanmu da war haka. A sansanin Minawao, kusa da Mokolo a arewacin Kamaru, akwai Kiristoci da yawa da suka gudo daga Gwoza bayan Boko Haram ta ƙone musu majami'u. Ana tashi daga sujadar Lahadi, sai ka ga saurayi ya tare fasto a bakin ƙofa: "Baba, Allah ya ba Joshuwa izinin yaƙi, mu kuma an ce mu juya ɗaya kuncin. Wanne za mu bi?"

Yaron bai yi saɓo ba. A littafin Joshuwa sura 6, Isra'ilawa sun yi kwana bakwai suna zagaya birnin Yariko, aka busa ƙaho, garu ya zube, aka hallaka maza da mata, yara da tsofaffi, har jakuna. Gidan Rahab, matar da ta ɓoye 'yan leƙen asirin Isra'ila, kaɗai ya tsira. Ka buɗe Matiyu sura 5 kuma, Yesu na cewa in an mare ka a kunci ɗaya ka juya ɗayan, ku kuma ƙaunaci maƙiyanku.

Tun da daɗewa abin ke ci wa malamai tuwo a ƙwarya. Wani malami na zamanin farko mai suna Markiyon ya ce a watsar da Tsohon Alkawari dungurungum, ikilisiyar Roma ta kore shi a shekara ta 144. Orijen na Iskandariya ya ce yaƙe-yaƙen Joshuwa misali ne na yaƙi da zunubin da ke cikin zuciya. Fassarar akwai daɗin ji, amma a ganina ba ta wanke jinin Yariko ba.

Abin da ya fi kama hankalina yana cikin Tsohon Alkawarin kansa. Sarki Dawuda, wanda mata suka yi wa kirarin kashe dubu goma, ya tara kayan gina Haikali, amma a 1 Tarihi 22:8 Allah ya hana shi ginin, don ya zubar da jini da yawa. Ɗansa Sulemanu aka ba aikin. A Getsamani ma, lambun da aka kama Yesu, da almajirinsa Bitrus ya sare kunnen bawan babban firist, Yesu ya ce ya mai da takobinsa kube. Shi ya sa akasarin ikilisiyoyi ke koyar da cewa umarnin yaƙar Kan'ana, ƙasar da Yariko take, na wani wuri ne da wani zamani, ba wanda zai ɗauko shi yau ya far wa maƙwabcinsa.

To, kare kai fa? A nan baki ya rabu. Agustin, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, ya yarda da yaƙi idan hukuma ce ta yi shi don maido da zaman lafiya, ban da ramuwar gayya. Ekklesiyar 'Yan'uwa kuwa, wadda mabiyanta ke da yawa a Minawao, tushenta ƙin yaƙi ne gaba ɗaya. A ƙauyukan Mora da Kolofata, za ka tarar da Kirista cikin 'yan banga, kafaɗa da kafaɗa da maƙwabcinsa Musulmi, da kwari da baka da tocila, suna gadi har asuba.