Anza da Rumbun Sanyi

Jama'a masu kallo, a yankunan Adar da Azawak na ƙasar Nijar, daga Keita zuwa Abalak, akwai wani ɗan icce da ganyensa ke zama kore ko a tsakiyar bazara, wato anza. Ƴaƴanta suna da ɗaci, sai an jiƙa su kwanaki ana sauya ruwa kafin su ciyu, amma su ne suka riƙe gidaje da yawa a jihar Tawa lokacin farin 1973 da na 1984. Yau sharar gonaki da sara sun sa tana yin nisa da garuruwa.

Hanyar da masana suka saba bi wajen ceton irin shuka ita ce rumbun adana iri. Ana tsinko ƴaƴa daga itatuwa hamsin ko fiye, ba a ɗaukar abin da ya wuce kashi 20 cikin 100 na waɗanda suka nuna, domin daji ma ya samu rabonsa. Sai a busar da irin a ɗaki mai ƙarancin laima, a rufe shi cikin mazubin da iska ba ta shiga, a ajiye cikin sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, sa'annan lokaci zuwa lokaci a ɗebi kaɗan a gwada ko yana tsira. Haka ake yi a babban rumbun da aka buɗe a Ingila a shekarar 2000, kuma cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, tana ajiye irin hatsi, dawa da gujiya a ɗakunan sanyi. Irin bagaruwa da na dakwara suna jure wannan hanya shekaru masu yawa.

Anza kuwa ba ta yarda da ita ba. Abin mamaki ne ga iccen da ke jure fari sosai, amma irinta yana mutuwa idan ya bushe sosai, don haka ba a iya kai shi ɗakin sanyi yadda ake kai hatsi. Dole a shuka shi yana ɗanye, jim kaɗan bayan tsinka, a gandun renon itatuwa ko kai tsaye a gona da faɗuwar damina. Saboda haka aikin adana ta ya koma hannun manoman da ke sassaben zamani, masu barin kututturenta ya sake toho a tsakiyar hatsi, da matan da suka san wace anza ce ta fi yin ƴaƴa da kuma watan da suke nuna.