Maƙwabci Kafin Motar Agaji

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? Toh madalla. Abu uku na zo da su kan yadda al'umma ke yi in bala'i ya tashe ta daga muhallinta.

Na farko, wanda ke fara zuwa ceto maƙwabci ne. A 1995 girgizar ƙasa ta afka wa birnin Kobe a Japan, sama da mutum 6,000 suka rasu, kuma yawancin waɗanda aka zaƙulo da rai daga ɓaraguzai maƙwabtansu ne suka tono su, don su suka san a wane ɗaki tsohuwa take kwana, ma'aikacin agaji ina zai sani? Toh ku ji abin da ya biyo baya, nan ne abin ke ci min rai. Hukuma ta gina gidajen wucin gadi, aka raba su da ƙuri'a, aka ma fifita tsofaffi, da niyya mai kyau fa, amma sai ya zama an tsinke kowa daga unguwarsa. Tsoho yana da rufi yana da ruwa, babu mai ƙwanƙwasa masa ƙofa ya ce ina kwana. Sama da mutum 200 suka mutu su kaɗai a gidajen nan, wani sai an kwana biyu ake ganewa. Su kaɗai, jama'a! Da wata girgizar ta zo Niigata a 2004 sai aka gyara, 'yan ƙauye ɗaya aka ajiye su wuri ɗaya.

Na biyu, suna. Da aka tashi Nubiyawan kudancin Masar saboda madatsar ruwa ta Aswan a 1963 zuwa 1964, an kai su wajen Kom Ombo, sunayen ƙauyukansu suka bi su can. Falasɗinawa kuwa makullan gidajen da suka bari a 1948 na hannun jikoki. Na uku... Bari, ga hannu can.

(Tambaya: Malam, me ya sa wasu ke ƙin tashi ko an gargaɗe su?)

Yauwa 'yar'uwa, kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Bayan fashewar tashar nukiliya ta Canobil da ke Ukraine a 1986 an kwashe mutane daga kewayen kilomita 30, amma wasu suka lallaɓa suka koma, yawancinsu tsofaffin mata, sun san da gubar nukiliyar sarai. Kabarin iyayensu na can, gonarsu na can. Jami'in da zai je tashin irin wannan baiwar Allah, ya fara zama ya tambaye ta wa za a kai ta kusa da shi.