Mun kwana kan zaɓen Amurka, namu na nan mun bar shi a ƙofa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Malam shugaba, dattawanmu, iyayenmu mata waɗanda tuwonsu ke jiranmu a bayan ɗakin nan, 'yan uwa maza da mata, barkanmu da sake haɗuwa lafiya. Minti goma sha biyar aka ba ni, kuma na ga Hajiya ma'aji ta ajiye agogo a gabanta, saboda haka ba zan yi wasa da lokaci ba.

Ku tuna daren Talata, 5 ga Nuwamban 2024. Ni ina bakin aiki a wannan dare, aikin kwana, wayata a aljihu ba ta huta ba har gari ya waye. Zauren WhatsApp na ƙungiyar nan, wanda idan sakatare ya tura sanarwar kuɗin wata sai a kwana uku ba wanda ya ce uffan, a daren nan ya cika maƙil. Wani na cewa Kamala ta gama da shi, wani na cewa ku jira Pennsylvania. Akwai dattijo guda a cikinmu, ba zan nuna shi ba amma ga shi can yana murmushi, da ya turo saƙon murya na minti tara da ƙarfe uku na dare. Na saurara duka. Da na fito daga aiki bayan asuba, hasken gari ya fara fitowa, sai na tarar Trump ya hau mumbari a Fulorida yana jawabin nasara. A cikin bas ina tunani: mu nan Landan, ba mu da ƙuri'a ko ɗaya a can, amma mun yi asarar barci kamar kawunmu ne ke takara.

Ban ce laifi ba ne. Zan ma faɗi dalilin da ya sa ya dace mu damu. Amma kafin nan, bari mu warware abin da ya fi jawo gardama a daren, domin rabin musun da muka yi ya taso ne daga rashin sanin yadda ake ƙirga.

A Amurka ba wanda ya fi yawan ƙuri'un jama'a ne ke zama shugaba kai tsaye ba. Kowace jiha tana da wakilan zaɓe gwargwadon kujerunta a majalisar wakilai, a ƙara da sanatocinta biyu. Jimillarsu 538, har da uku na babban birni Washington, wanda ya samu 270 ya ci. Kalifoniya tana da 54, Wyoming tana da 3. Kuma a duk jihohin, ban da Maine da Nebraska, wanda ya zo na ɗaya ko da ratar ƙuri'a guda ce shi zai kwashe wakilan jihar gaba ɗaya, na biyu ya tashi hannu rabbana. Shi ya sa a 2016 Hillary Clinton ta fi Trump da ƙuri'a kusan miliyan uku amma shi aka rantsar. Shi ya sa a 2000 duk ƙasar ta tsaya cak tana jiran Fulorida, inda ratar George Bush da Al Gore ta tsaya a ƙuri'a 537, sai da Kotun Ƙoli ta dakatar da sake ƙirge a watan Disamba. Ɗari biyar da talatin da bakwai, jama'a. Bikin da aka yi a wannan ɗakin bara ya kusa tara haka.

'Yan Najeriya da ke nan masu furfura, wannan lissafi ba baƙo ba ne a gare ku. A 1979 muka ɗauko tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka, muka saka namu sharaɗin: sai ka samu kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi. Jihohi 19 ne a lokacin. Alhaji Shehu Shagari ya cika sharaɗin a 12, a Kano kuwa, inda Malam Aminu Kano ya mamaye, ya tsaya kusa da kashi 20 cikin ɗari. Nan aka shiga shari'ar sha biyu da biyu bisa uku da Awolowo har Kotun Ƙoli. Wanda ya ga wannan ba zai yi mamakin Fulorida ba.

Abin da tsarin nasu ya haifar shi ne, mafi yawan jihohi an san inda za su faɗa tun kafin a buga ganga. Ɗan Rifablikan a Kalifoniya da ɗan Dimokurat a Wyoming, ƙuri'arsu ta shugaban ƙasa kamar zuba ruwa ne a rairayi. Saura jihohi bakwai na raba gardama: Pennsylvania, Mishigan, Wisconsin, Jojiya, Arizona, Nevada da Karolina ta Arewa, masu wakilai 93 a haɗe. Can ake zuba kuɗi, can 'yan takara ke kwana. A 2020 Biden ya ci Jojiya da ƙuri'a 11,779, har Trump ya kira sakataren jihar a waya yana neman a samo masa 11,780. Bayan kwana huɗu da wannan kira, ranar 6 ga Janairun 2021, magoya bayansa suka fasa ginin majalisa. Mu da aka saba yi wa wa'azin dimokuraɗiyya daga Washington, mun kalli wannan a talabijin baki buɗe. A 2024 Trump ya kwashe bakwai ɗin duka, ya tashi da 312, Kamala Harris 226, kuma a wannan karon har yawan ƙuri'un jama'a shi ya fi.

Me ya kai shi? Mu daga nesa mun fi jin labarin Gaza da na baƙi, amma ku tambayi 'yan uwanmu da ke can. Ɗan yayata yana tuƙin tasi a Bronx, a birnin New York. Ya ce mini, "Kawu, fasinjana ba ya zancen Gaza, zancen kuɗin haya da ƙwai yake yi." A watan Yunin 2022 hauhawar farashi a Amurka ta kai kashi 9.1 cikin ɗari, abin da ba su gani ba cikin shekara arba'in, galan ɗin fetur ya taɓa dala biyar. Farashin ya lafa daga baya, amma kaya ba su koma yadda suke ba, kuma talaka ko a ina yake ba ya manta wanda ke kan kujera ranar da cefane ya gagare shi. Ga kuma Biden da ya nace sai ya sake tsayawa yana da shekara 81, sai da muhawarar 27 ga Yuni ta tona asirin tsufansa, ya janye ranar 21 ga Yuli, ya bar wa mataimakiyarsa kwana ɗari da 'yan kai ta yi abin da ake yi a shekara biyu.

Yanzu ga wurin da nake so mu daɗe a kai, wato Mishigan.

A gefen birnin Detroit akwai gari mai suna Dearborn, inda fiye da rabin mazauna Larabawa ne, 'yan Lebanon da Yaman da Iraƙi da Falasɗinu. Kakanninsu da yawa aikin masana'antar mota ta Ford ya kawo su. Magajin garinsu Musulmi ne, Abdullah Hammoud. Kusa da su akwai Hamtramck, ƙaramin gari da a 2022 magajin gari da 'yan majalisarsa duka suka kasance Musulmi. 'Yar majalisar tarayya mai wakiltar Dearborn, Rashida Tlaib, iyayenta Falasɗinawa ne. Ba a dare ɗaya suka samu wannan ba. Sun fara daga hukumar makarantu, da kansila, da rajistar maƙwabci.

Da yaƙin Gaza ya yi tsanani, suka ce wa Biden ya daina tura makamai. Bai ji ba. Sai suka yi dabara. A zaɓen fid da gwani na Dimokurat a jihar, ranar 27 ga Fabrairun 2024, akwai gurbi a takardar ƙuri'a na wanda bai goyi bayan kowa ba. Suka ce kowa ya dangwala nan. Mutum sama da dubu ɗari suka yi haka. Jihar da Trump ya ci a 2016 da ratar 10,704 kacal, ka ga dubu ɗari ba abin wasa ba ne. Duk da haka, a babban taron jam'iyyar a Chicago cikin watan Agusta, sun roƙi a ba Bafalasɗine ɗaya 'yan mintuna a kan mumbari, aka hana. Trump kuwa, mutumin da a 2017 ya rufe ƙofa ga ƙasashen Musulmi da dama, ya taka har Dearborn kwana huɗu kafin zaɓe, ya yi musabaha, ya yi alkawarin zaman lafiya. Magajin garin Hamtramck na lokacin, Amer Ghalib, ɗan asalin Yaman, ya mara masa baya a fili. Ranar zaɓe Dearborn, garin da Biden ya lashe cikin sauƙi a 2020, ya juya: Trump na ɗaya, Kamala ta biyu, Jill Stein ta jam'iyyar masu kare muhalli ta kwashi kusan kashi 18.

Sun ci riba? A nan ne ni da wasu daga cikinku muka saɓa. A watan Fabrairun 2025 Trump ya tsaya kusa da Netanyahu a Fadar White House ya ce Amurka za ta karɓe Gaza a kwashe mutanenta zuwa wani wuri. A ganina an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Shi Ghalib an ba da sunansa a matsayin jakada a Kuwait, sauran jama'a kuwa sai kallo. Kuma gaskiya ita ce ko da Kamala ta ci Mishigan da wakilanta 15, Trump zai rage da 297, ya ci dai. Amma kada wannan ya rufe mana ido daga abu guda: 'yan takarar shugabancin ƙasa mafi ƙarfi a duniya sun lissafa da waɗannan mutane. An yi fushi da su, an lallashe su, an yaudare su ma, to amma ba a yaudarar wanda ba shi da abin bayarwa.

Na ce zan faɗi dalilin da ya sa damuwarmu ba shisshigi ba ce. A 2017 an saka Chadi cikin jerin ƙasashen da aka hana shiga Amurka. A Janairun 2020 aka hana 'yan Najeriya bizar zama, har sai da Biden ya soke a ranarsa ta farko. A Yunin 2025 Chadi da Sudan sun sake shiga jerin, Shugaba Mahamat Deby na Chadi ya rama da dakatar da biza ga Amurkawa. A Yulin 2025 aka mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta shiga ɗaya, wata uku. Hukumar agajinsu ta USAID, wadda kuɗinta ke sayen maganin zazzaɓin cizon sauro da abincin yara masu tamowa a garuruwanmu, an rushe ta. Sashen Hausa na Muryar Amurka, da iyayenmu ke kamawa a rediyo tun 1979, ya yi tsit a watan Maris na 2025. Duk wannan daga hannun mutum guda da wasu 'yan dubbai a jihohi bakwai suka ɗora. Ɗan yayan nawa da na ambata, shekararsa tara a can da takardar zama ta dindindin, yana biyan haraji, amma ba shi da ƙuri'a sai ranar da ya zama ɗan ƙasa. Shi ma ɗan kallo ne irinmu, sai dai shi a cikin fili yake.

To mu fa? Dokar ƙasar nan ta ba ɗan ƙasar Commonwealth, wato ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila, mai izinin zama damar yin zaɓe, na kansila da na majalisar dokoki, ba sai ya karɓi fasfon Ingila ba. Ɗan Najeriya, ɗan Ghana, ɗan Kamaru, har ɗalibin da ya zo karatu da biza, duk sun shiga. 'Yan uwanmu na Nijar da Chadi da Sudan ne sai sun zama 'yan ƙasa tukuna. Ku duba abin mamaki: ɗan Najeriya da ke zaune a nan ba shi da hanyar zaɓen shugaban ƙasarsa sai ya sayi tikitin jirgi, amma yana da ikon zaɓen ɗan majalisar da zai zauna a Westminster. A zaɓen 4 ga Yulin 2024, kujerar Blackburn da ƙuri'a 132 aka ci ta. Ta Hendon, nan arewacin Landan, da ƙuri'a 15. Layin farko na kujerun nan kaɗai ya fi haka.

Makon jiya na tambayi mutum goma daga cikinmu a masallaci ko sun yi rajista. Uku suka ce e. Ɗaya ya ce shi yana tsoron kada a yi amfani da sunansa a bi shi da haraji, alhali harajin ana cire masa tun kafin albashi ya shigo hannunsa. Wani ya ce wasiƙar ƙaramar hukuma ta zo, matarsa ta kunna turaren wuta da ita. Mu ne kuma muke kukan an hana mu wurin sallar idi, an ƙi ba mu ɗakin karatun yara ranar Asabar, maƙabarta ta yi mana nisa. Waɗannan duk a teburin kansiloli ake yanke su, kuma a watan Mayun 2026 za a zaɓi kansilolin Landan gaba ɗaya.

Malam shugaba, na nemi izininka tun jiya ka kuma ba ni. Yaranmu biyu suna can bakin ƙofa da kwamfuta. Rajistar ta intanet ce, ba ta wuce minti biyar, abin da ake buƙata shi ne lambar inshorarka ta ƙasa da adireshinka. Ranar zaɓe kuma sai ka riƙe katin shaida mai hoto, fasfonka na gida ma ya isa. Iyayenmu mata ku fara, tunda ku za ku shiga rabon abinci. Dattijon saƙon minti tara kuwa, Alhaji, da kaina zan raka ka.

Hajiya ta ɗaga agogo. Na gode, wassalamu alaikum.