Maigadi ɗaya da salatif, shugaban Amurka ya sauka

Salamu alaikum jama'a, kun ga wannan ginin mai lanƙwasa a bayana? Wallahi shekara uku ina wuce shi a hanyar aiki nan Washington ban san shi ne Watergate ba, inda badaƙalar da ta sauke shugaban Amurka Nixon ta faro, sai jiya wani abokin aikina ɗan Habasha ya nuna min. Yau na ce sai na zo na gani da idona, fakin kaɗai dala 18, kar ma wani ya juya min shi zuwa naira, hawan jini ne.

Abin da ya tsaya min a rai, ashe maigadi ne ya tono abin. Frank Wills sunansa, baƙar fata, shekararsa 24. Daren 17 ga Yuni 1972 yana zagaye sai ya ga an manna salatif a harshen makullin wata ƙofa don kar ta datse, ya ɓare ya wuce abinsa, ya dawo ya tarar an sake mannawa. Nan ya kira 'yan sanda. Mutum 5 aka damƙe a ofishin jam'iyyar adawa ta Democrat da ke cikin ginin, da kayan satar jin magana. Ni fa gadin dare na fara yi da na zo ƙasar nan, na san wannan zagayen na ƙarfe ɗaya da idonka ke yaji, da yawanmu ko duba ƙofar ba za mu yi ba.

Shi kuma Nixon, wanda 'yan kamfen ɗinsa ne suka turo mutanen, har yanzu na kasa gane me yake nema. Mutumin da a Fabrairun shekarar ya je Sin ya zauna da jagoranta Mao, a Nuwamba ya lashe jiha 49 cikin 50, zaɓe a hannunka, me ya kai ka rufa wa 'yan fashin ofis asiri? Kuma shi da kansa ya sa aka kafa rikoda a ofishinsa tana naɗe duk abin da ya faɗa. Kotun ƙoli ta ce miƙo kaset, a wani kaset ɗin ma minti 18 da rabi an goge. 9 ga Agusta 1974 ya ajiye mulki. Ku masu tura voice note kuna zagin oga, ni dai na faɗa muku.

Wata ɗaya kacal mataimakinsa Ford da ya gaje shi ya yi masa afuwa, ko kwana ɗaya bai yi a kurkuku ba. Maigadin kuwa ya yi ta fama da neman aiki, ya rasu 2000 ba shi da komai, wannan ne ya ɓata min rai tun safe.

In za ku zo ku hau jirgin ƙasa ku sauka tashar Foggy Bottom, kar ku yi gangancin zuwa da mota irina. Kai, iskar kogin Potomac ɗin nan ta fi hunturun Kano mugunta, bari in gudu kafin su manna min tikiti, ance akwai mai masa a Maryland yau.