Makullin Ganta

Ku dubi wannan makullin. A ƙasan akwatin kakata muka tsince shi ranar sadakar bakwai, naɗe cikin tsumma tare da wani tsohon kati mai hotonta. Babu ƙofar da yake buɗewa a Nima, unguwarmu a Accra. Na wani gida ne a Ganta, can arewacin Laberiya, bakin iyakar Gini.

Mu da tukunyar shinkafa muka san ta, a bakin layi, babba da yaro kowa Kaka yake ce mata. Hausarta irin tamu ce ta zango, sai dai in ranta ya ɓaci harshen ya karkace, ta koma wani yare da muke ɗauka Wangaranci ne. Ashe Mandingo ce.

To me ya rabo ta da gida? Ranar 24 ga Disamba, 1989, Charles Taylor ya tsallako da mayaƙansa daga Kodebuwa zuwa yankin Nimba don kifar da shugaban ƙasa Samuel Doe. Ƙabilun Giyo da Mano sun riga sun sha wuya a hannun sojojin Doe, don haka da yawansu suka bi Taylor. Su kuwa Mandingo Musulmi ne, 'yan kasuwa, masu shaguna da motocin haya, ana yi musu kallon 'yan gaban goshin gwamnati. Ba a tsaya tambayar wa ya yi me ba. Sunanka kaɗai ya isa.

Sau ɗaya tak ta ba mu labarin shingen hanya. Wani yaro, bindigar ta kusa fin sa tsayi, ya ce kowa ya yi yarensa a ji. Ta cusa carbinta cikin kitson mahaifiyata, ta amsa da Mano, wanda ta tsinta a kasuwa wajen cinikin manja. Aka ce ta wuce. Kakanmu yana bayanta a layi, da tabon sallah a goshi. Iya nan take tsayawa, mu ma ba mu taɓa cewa sai me ba.

Gini, Kodebuwa, sannan Ghana. A 1990 aka buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Buduburam a hanyar Cape Coast, gaba kaɗan da Kasoa. Af, sunan Kasoa ɗin nan ma namu ne, kasuwa ce bakin mutane ya lanƙwasa. A sansanin akwai layin ruwa, akwai layin awo, ga coci-coci ko'ina, ita kuwa kunnenta kiran sallah yake nema.

Wata rana ta biyo mota zuwa kasuwar Nima sayen goro. Tana tsaye sai ta ji wata tsohuwa na yi wa jikarta faɗa da Wangaranci, kuma ta gane kusan kowace kalma, domin yaren ɗan'uwan nata ne. Ta ce ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta, ta zauna a kan buhun albasa tana kuka. Tsohuwar ba ta tambaye ta takarda ba. Cewa ta yi: "Ƙanwata, kin ci abinci?" Kafin wata ya zagayo an sama mata ɗaki a gidan haya.

Ni a ganina nan zango ya yi abin da ya saba. Bahaushe, Bazabarme, Bafulatani, Bayarabe, Wangara, kowa daga wani wuri kakansa ya zo, wa zai yi wa wani gorin baƙunta? Amma kar na yi muku ƙarya, an yi mata dariya. Ranar da ta fara daka ganyen rogo a turmi, matan gidan suka ce abincin awaki za ta ba mutane. Ba a rufa shekara ba su ne ke aiko yara da kwano. Waakye kuwa, wato shinkafa da wake irin ta Ghana, har ta rasu ba ta yarda cikakkiyar shinkafa ba ce.

A watan Agusta na 2003 aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiyar Laberiya, a nan Accra, bayan yaƙi biyu da ake kiyasin sun ci rai 250,000. Ƙarshen Yuni na 2012 kuma aka daina lissafa 'yan Laberiya a matsayin 'yan gudun hijira: ko ka koma, ko ka nemi izinin zama. Mahaifiyata ta ce, "Mma, ko za mu je ki ga gida?" Ta ɗan yi shiru, tana juya miya. Ta ce, "Wa zan tarar?"

Allah Ya jiƙan Kaka, Ya sa ta huta. Katin yana wurin mahaifiyata. Makullin ni na riƙe, kuma har yau ban san ko gidan yana tsaye ba.